Ƙarar da Ba Ta Hawa Kwalta

Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina aikin rediyo, mafi yawansu a ɗakin naɗar sauti, inda ake biyan mutum don ya ji abin da wasu ba su ji ba: hucin fanka a bayan muryar mai karanta labarai, ko takardar da ta motsa kusa da makirfo. Da na ajiye aiki na dawo gida Tambuwal, kunnen nan na dawo da shi, sai kuma wata tsohuwar jif da na saya a gwanjo. Ta girmi babbar 'yata. Irin motocin nan ne masu ja da ƙafa huɗu, waɗanda a kan kwalta ƙafafun baya kaɗai ke tura su. In za ka shiga laka ko rairayi sai ka tsaya, ka sauka, ka murɗa wani ɗan makulli a cibiyar kowace tayar gaba, in tafiya ta yi tsanani kuma ka ja ƙaramar giya.

A daminar da nake magana, cikin watan Agusta, ƙanwar matata na da tsohon ciki. Tana aure a ƙauyen da aka haife su, bayan Kebbe, ta wajen Fakku. Haihuwarta biyu na baya duk sai da aka yi mata aiki, don haka likitar da ke duba ta a Tambuwal ta gaya mana ba tare da kwana-kwana ba cewa kada a bari naƙuda ta same ta a gida, domin tsohon ɗinkin na iya buɗewa. A kawo ta ranar Alhamis, a yi aiki Juma'a.

Tsakanin ƙauyen da babbar hanya akwai gangara mai sauka ƙorama, bayanta kuma fadama. Da damina babur ke shiga, sai amalanken shanu, sai motata. Mai ciki wata tara ba ta hawa babur a wannan hanya, amalanke kuma zai yi awa uku yana jijjiga ta. Na tuntuɓi direbobi biyu a tashar Kebbe, kowanne ya ce ko an ninka masa ba ya kai motarsa can kafin kaka. Magana ta tsaya a kan jif ɗina.

Ranar Juma'a, saura kwana shida, na tafi ƙauyen don a tsayar da shiri. Na sauka daga babbar hanya, na kulle ƙafafun gaba kamar yadda na saba, na ci gaba. Ban yi nisa ba na ji ta. Ƙara ce siririya, tas, tas, tas, kamar ana buga gindin cokali a faranti, daga wani wuri a ƙarƙashin motar. Na ƙara gudu, ta ƙara sauri. Na taka kuloci, inji ya lafa, ita ba ta lafa ba. Wannan ya fitar mini da inji daga zargi. Na tsaya na leƙa ƙasa, ban ga komai ba sai busasshiyar laka da ta lulluɓe kowane ƙarfe. A hanyar dawowa ta rako ni har bakin babbar hanya. Da na hau kwalta sai ta ɓace.

Washegari na kai motar wurin makanikena, wani dattijo da garejinsa ke ƙarƙashin bishiyoyin dogon yaro a bakin kasuwa. Ya shiga, ya karɓi sitiyari, muka miƙa hanyar Jabo. Ya yi gudu, ya rage, ya taka birki, ya yi kwana dama ya yi hagu, har ramuka ya riƙa nema yana faɗawa da gangan. Motar ta yi shiru kamar ta san wanda ke cikinta. Muka dawo ya ɗaga ta a jak, ya girgiza tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya juya su yana sauraren boris ɗin da ke cikin cibiyarsu, ya ƙwanƙwasa salansa.

"Alhaji," in ji shi, yana goge hannu, "motar ga lahiyarta lau. Kai anka ba ritaya, kunnenka ba a ba shi ba."

Na ce masa na ji abin da na ji.

"Ni kau ban ji ba. Mi kaka so in gyara? Ka kawo min ita da ƙarar, in kashe maka ita."

Gaskiyarsa ce, kuma ta ba ni haushi. Tsohuwar mota ba ta rasa surutu, akwai ƙararraki wajen biyar a motar nan da na san kowace da wurin zamanta. Wannan baƙuwa ce, kuma a hanyar ƙauyen kaɗai take fitowa, hanyar da zan ɗauko mace mai ciki.

Mutum ɗaya ne ya tuƙa motar ban da ni a wannan shekara, ɗan kawuna, taubashina, wanda muka tashi gida ɗaya. Da farkon damina ya are ta ya kai taki can wajen, har da buhu biyu na surukina, mahaifin matata. Na same shi a shagonsa na sayar da iri da maganin feshi.

"Ranar da ka kai taki, wani abu ya sami motar nan?"

"Lale da bawana. Ba gaisuwa, ba durƙuso, sai tuhuma awa ɗan sanda?"

"Ina tambayarka da gaske."

"Mi zai sami akwalar ga wanda bai riga ya same ta ba? Motar da ta ga mulkin soja, ta ga na farar hula. Ka sai da ita ga masu gwangwan ka sayi jaki, shi ko ya yi ƙara ka san bakinai ne."

Mutanen shagon suka yi dariya. Taubashi yana da wannan damar, duk abin da ka kawo masa zai iya mayar da shi wasa, kuma ba ka da ikon yin fushi. Sai dai na lura bai dubi idona ba, kuma na tuna ranar da ya dawo da motar a wanke take fes, abin da bai taɓa yi ba. Na ce masa to, tunda shi ne ubangida, gobe ya zo ya taya bawansa aiki.

Lahadi muka tafi hanyar ƙauyen tare. A aikin sauti, in wata ƙara ta shiga shiri ba ka san tushenta ba, ba zato ake yi ba, aunawa ake yi. Na kulle ƙafafun gaba a inda na saba, na ɗaure wayata da tsumma a ƙarƙashin motar tana naɗa, na ja layin alli a gefen tayar baya. Na ce ya bi motar a ƙasa, duk sa'ad da allin ya taɓa ƙasa ya ce "yanzu" da ƙarfi. Na tuƙa a hankali kamar tafiyar ƙafa. Ya yi ta bi yana cewa yanzu, yanzu, yana haɗawa da zagin iyayengijin rediyo da suka lalata mini kai. Wasu mata masu ɗauke da itace suka tsaya suna kallonmu.

Muka zauna a inuwa na saurari abin da aka naɗa, sau biyar. Tsakanin kowace "yanzu" da mai bi mata akwai bugu huɗu, wani lokaci huɗu da ɗan ƙari. Ke nan ba taya ba ce, ba kuma wani abu da ke juyawa tare da taya ba, don da bugu ɗaya za a ji. Wani abu ne mai juyi huɗu kafin taya ta yi ɗaya.

Da na kunna wa makaniken ranar Litinin, sai ya daina murmushi. Ya sa aka kashe injin walda na maƙwabcinsa, ya kara wayar a kunne.

"Wanga farfela ce," in ji shi. Farfela ita ce doguwar sandar ƙarfen da ke ɗaukar juyi daga giya ta kai wa ƙafafu, kuma motata biyu gare ta, ta baya da ta gaba. "Ita ka juyi fuɗu taya ta yi guda. Lokacin da kaka naɗar wanga, ka ja ƙaramar giya?"

Na ce ban ja ba, wurin bai kai ga haka ba.

"To ta baya ce. Ta gaba barci takai sai an tashe ta."

Ya shiga ƙarƙashi ya kama farfelar baya ya girgiza, sai ga ɗan wasa a kuros, wato mahaɗar da ke ba ta damar lanƙwasa. Ya nuna mini, na gani da idona. Kafin la'asar ya sa sabo. Muka sake bin hanyar Jabo, shiru. Ya ce in je in yi barci.

Ban gaya masa na kulle ƙafafun gaba ba. Bai tambaya ba, ni kuma abin bai zo mini a rai ba, domin kulle su ya zame mini kamar cire takalmi a ƙofar masallaci, hannu ke yi ba tare da kai ya sani ba. A zatona kuma, muddin ba a ja giyar ba, babu abin da ke motsi a gaba.

Talata da safe matata ta shigo da waya a hannu. Ta yi magana da ƙanwarta. Tun asuba bayanta ke ciwo, ciwon yana zuwa yana tafiya.

"Ta ce ba naƙuda ba ce," in ji matata. "Amma haka ta ce wancan karon."

"Likita ta ce Alhamis."

"Likita ba ta cikin ƙauyen. Malam, motar ta gyaru ko ba ta gyaru ba?"

Na ce an canja abin da ya lalace. Ta dube ni, don ta san yadda nake zaɓen kalma in ba na son yin ƙarya. Shirun da motar ta yi a hanyar Jabo bai tabbatar da komai ba, tun farko ba ta taɓa yin ƙarar a kwalta ba. Na ɗauki makulli na fita ni kaɗai.

Na wuce Kebbe, na sauka hanyar ƙasa, na kulle ƙafafu, na tashi. Ban kai tsawon filin ƙwallo ba ta dawo. Tas, tas, tas. Ba ta ragu ba, in ma akwai bambanci to ta ƙara kauri, kamar cokalin ya fara cin farantin. Na tsaya na kashe mota. Daga inda nake zuwa ƙauyen bai fi rabin awa ba. Na yi tunanin in ƙarasa in ɗauko ta yanzu, ƙara ko ba ƙara. Na kuma yi tunanin motar ta mutu da ita a tsakiyar fadama, inda waya ba ta kamawa. Ban san abin da ke bugun ba, don haka ban san ko zai kai shekara ko ba zai kai awa ba. Na juya.

Hadari ya taso daga gabas tun ina juyawa, kafin in kai babbar hanya ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. A nan ne kullum nake tsayawa in buɗe makullan gaba. Na dubi ruwan, na ce bari in ɗan matsa gaba ya tsagaita. Na hau kwalta. Ruwan na dukan rufin mota, amma a ƙarƙashin dukan na ji ta, tas tas tas tas, da sauri yanzu, a kan kwalta, inda ba ta taɓa biyo ni ba.

Na tsaya a gefen hanya na fita cikin ruwan, na buɗe makullan biyu, na koma a jiƙe na tuƙa. Shiru. Na sake tsayawa na kulle. Ta dawo. Sau uku na yi haka, har wani mai babur da ya fake a ƙarƙashin bishiya ya taso ya tambaye ni ko lafiya. Ashe ƙarar ba ruwanta da hanyar ƙasa. Makullan take bi, kuma sai a bakin hanyar ƙasa nake kulle su.

Laraba tun kafin ya buɗe akwatin kayan aikinsa ina garejin, taubashina na biye da ni don na ce ina bukatar mai riƙe fitila. Na yi wa makaniken bayani. Ya dafe kai.

"In ka kulle ƙafafu, tayoyin da kansu ka juya farfelar gaba, ko ba ka ja giya ba. Ai da ka faɗa min, Alhaji."

"Da ka tambaya."

"To, mun yi kunnen doki. A hau rami."

Muka ɗora motar a kan ramin gyara. Gaban nata a ƙasa duk laka ce ta shekara, ta daskare kamar ginin tukwane. Wankin da taubashina ya yi iyakarsa inda ido ke gani. Makaniken ya sa aka kawo ruwa jarka huɗu, ya riƙa ɓamɓarar lakar da guntun ƙarfe yana watsa ruwa. Can sai ya ajiye ƙarfen. Ya jawo wani abu ya miƙo mini daga ramin. Guntuwar igiyar rama ce, kamar taƙi ɗaya, da ƙulli a jikinta, an yanke ta da wuƙa ta gefe biyu. Duk wanda ya tashi a gidan noma ya san ƙullin, shi ake yi in za a ɗaura garma a karkiyar shanu.

"Sauko ka gani," in ji shi.

Na sauka. Ya haska mini babban ƙarfen da ya haɗa ƙafafun gaba. A jikinsa akwai wani siririn bututu, bai kai kaurin fensir ba, wanda ke kai man birki ga tayoyi. An zagaya igiya a kan ƙarfen tare da bututun, an ja da ƙarfi, bututun ya fita daga maƙalarsa ya lanƙwashe baya, har ya kai bakin farfelar gaba. Ya juya farfelar da hannu a hankali. Kan wata kusa ya zo ya taɓa bututun. Tas.

Wurin da kusar ke bugu ya yi fari, ya lotsa. Ya danna da farcen babban yatsa, ya ɗago yatsan ya nuna mini a hasken fitila. Yana da danshin mai.

"Ya koma awa fatar albasa," in ji shi. "Ranar da ya fashe, ka taka birki ƙafarka ta tafi har ƙasa. Kuma ba ya fashewa sai wurin da ka taka da ƙarfi."

Wuri ɗaya ne a duk hanyar nake taka birki da ƙarfi, gangarar da ke sauka ƙorama in an fito daga ƙauyen.

Na fito daga ramin da igiyar a hannu. Taubashina yana tsaye da fitilar, bai kashe ta ba. Wannan karon bai kira ni bawansa ba.

"Mun kafe a fadama," in ji shi. "Ranar takin. Har gindin ƙofa. Surukinka ya zo da shanunai, shi da kanai ya shiga lakar har cinya, ya lalubo ƙarfen da ya fi kauri ya ɗaure. Da munka fito ƙullin ya ƙi kwantuwa, munka yanke."

"Ka yi shiru wata biyu."

"Ya ce kada in faɗa maka. Ya ce in ka ji ya shiga laka don motarka, kunya za ta hana ka zuwa gidan, kuma sai ka ɗauko goro da mutane ka zo godiya, shi kuma ba ya son haka. Ya sa na ce wallahi. Dattijo ya sa ka rantse, ya kaka yi?"

"Na tambaye ka ranar Asabar."

"Ka tambaye ni ƙara. Ni na san igiya ka yin ƙara?"

Na so in yi masa faɗa, ban sami inda zan kama ba. Shekara ashirin da shida ina auren 'yar mutumin nan. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa gaishe shi a tsaye ko da takalmi ba. Shi ma bai taɓa yi mini magana kai tsaye a kan wata bukata ba, sai dai ya dubi wani ya ce a gaya wa mutanen Tambuwal kaza. Abin da ya yi ranar takin alheri ne, ɓoyewar ma alheri ce, kuma ya ɗaure igiyar a inda duk mai shanu zai ɗaure.

Babu sabon bututun a Tambuwal. Makaniken ya ce ya san wata matacciyar jif irin tawa a bayan wani gida a Sanyinna. Ya hau babur ya tafi da sifana biyu a aljihu. Muka zauna a garejin ni da taubashina muna jiransa. Matata ta kira sau biyu. Ciwon bayan ya lafa da daddare, ya dawo da hantsi. Sai bayan la'asar makaniken ya dawo da bututun ɗaure a bayan babur. Ya wanke shi da fetur, ya hura, ya ɗaura, ya maƙale shi a wurinsa. Sannan ya sa ni a kujerar direba don a fitar da iska daga birkin.

"Taka. Taka. Taka. Riƙe!" Sai feda ta nutse a ƙarƙashin ƙafata. "Saki. Kuma."

Muka yi haka a kowace taya har fedar ta tsaya da tauri. Ana kiran magariba muka kulle ƙafafun gaba muka bi hanyar Jabo. Na sauke gilashi, na kasa kunne ina saurare. Ƙararrakin nan biyar da na sani suna nan. Ta shidan babu.

Alhamis muka tashi bayan sallar asuba, ni da matata da taubashina. An yi ruwa a daren, shiga ma da ƙyar muka yi. A gidan an riga an shirya. Aka shimfiɗa katifa a bayan motar, ƙanwar matata ta fito a hankali tana dafa bango, fuskarta ta yi zuru-zuru. Mijinta ya hau babur ya yi gaba. Na je na durƙusa na gaida surukina a zaure, ya amsa yana duban tabarma, ya ce wa taubashina a gaya wa mutanen Tambuwal Allah Ya yi albarka.

A kan gangarar na sa giya ta ɗaya da ƙaramar giya, na ɗora ƙafa a birki. Ƙasar jar laka ce mai santsi, a ƙasa kuma ƙorama ta cika tana gudu. Rabin gangarar motar ta fara zamewa gefe, na danna birkin da ƙarfi fiye da yadda na so. Fedar ta tsaya a inda take. Motar ta ja ƙafa ta tsaya. Daga baya na ji ƙanwar matata tana salati a hankali, matata na cewa sannu, sannu. Na saki kaɗan-kaɗan muka sauka, muka ratsa ruwan.

Fadamar ce ta kama mu. Wajen tsakiyarta ƙafafun huɗu suka yi ta juyawa a wuri ɗaya, motar ta zauna a kan cikinta. Na gwada baya, na gwada gaba, na daina don kada in ƙara binne ta. Matata ta leƙo ta ce a hankali, don ni kaɗai in ji, ciwon ya fara zuwa a jere.

Da na fito sai na hango su. Surukina ne da bijimansa biyu a karkiya, yana biye da mu tun daga gida ta gefen gonaki, igiya a kafaɗa. Bai gaya wa kowa zai biyo ba. Ya iso, ya naɗe wandonsa, ya shiga lakar. Ya durƙusa a gaban motar ya tura hannu ƙarƙashi yana lalube, kuma na san ƙarfen da yake nema.

Na dubi taubashina, don irin wannan magana ta bakinsa ya kamata ta bi. Yana can baya yana tura kara a ƙarƙashin taya, bai gani ba. Tsohon ya riga ya zura bakin igiyar.

"Baba," na ce. "Ba nan ba."

Ya tsaya. Bai ɗago ba. Na shiga lakar da takalmina, na durƙusa kusa da shi, kafaɗata na taɓa tasa. Na kama hannunsa da igiyar na fito da shi, na kai shi kan ƙugiyar da ke jikin ƙashin motar ta hagu, wadda laka ta rufe.

"Nan ne wurin ja. Can akwai jijiyar birki."

Ya shafa ƙugiyar da yatsu. Na ga ya gane har abin da ban faɗa ba. Sannan ya yi ƙullinsa a kanta, ya ja ya gwada, ya miƙe.

"Shiga ka riƙe sitiyari," in ji shi. Ni ya gaya wa, ba wani ba.

Ya yi wa shanun tsawa. Igiyar ta miƙe tana ɗigar da ruwa, na ba da wuta kaɗan, motar ta yi nishi ta ɗago, ta fito. Bai tsayar da su ba sai da muka taka ƙasa mai tauri. Ya kwance igiyar da kansa, ya leƙa ta gilashin baya ya dubi 'yarsa sau ɗaya, ya ɗaga mana hannu mu tafi.

Kafin mu kai Kebbe naƙuda ta tabbata. Na yi gudun da ban taɓa yi da motar nan ba, mijin na gabanmu a babur yana kore awaki daga hanya. Mun shiga asibitin Tambuwal ana kiran azahar. Likitar ta duba ta ta ce ba za a jira Juma'a ba, aka wuce da ita ɗakin tiyata a kan gadon turawa.

Muka zauna a benci a baranda, laka ta bushe mini har gwiwa. Taubashina ya sayo ruwa ya miƙo mini, ya ce bawa ya sha kafin ubangida, yau kaɗai. Gab da la'asar wata ma'aikaciyar jinya ta fito ta tambayi ina mijin. Ta ce an sami 'ya mace, uwar na barci, ɗinkin ya yi siriri ƙwarai amma bai buɗe ba. Mijin ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula. Matata ta shiga ciki, ni kuma na fita wurin famfo in wanke ƙafa in yi alwala.